Rasuwar Malam Kolekta, Muryar Motar Ishaƙu Tambaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma take ɗan tashi duk sanda aka tuna yadda abin ya faru, gidan Malam Ishaƙu Tambaya, falken shanu kuma mai rumfar nama a unguwar Banikanni ta Parakou, yana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki da makiyayan hanyar Djougou rasuwar dattijon arziki, Malam Kolekta, wanda ya cika a garejin Moutari mai walda, da rana tsaka, yana cikin ƙoshin lafiya.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin mota ba, marigayin shi ne ƙarfen nan mai kauri da ke manne a haƙarƙarin inji, mai baki huɗu, wanda yake karɓar hayaƙi ya tara shi wuri guda ya miƙa wa salansa. Aikinsa ke nan tun ranar da aka ƙera shi, kuma a jikin mota ɗaya ya yi shi, tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya wadda duk Banikanni ke kira Dattijuwa. An so a buɗe wannan sanarwa da kalmomin da aka saba, amma limamin unguwa ya ce ƙarfe ba shi da rai, kada a ja addini cikin harkar salansa. An bi maganarsa. Ya dai yarda a faɗi halin mamaci.

Makanikan Parakou sun ce ba su san shi sosai ba, kuma wannan yabo ne, domin bai taɓa kai kansa wurinsu ba. Masu baburan haya da ke bin bayan Dattijuwa a cunkoso sun ce hayaƙinsa bai taɓa sa su tofar da yawu ba. Mai kokon da ke ƙofar gida ta ce da asuba in an tayar da mota, jikar da ke goye a bayanta ko motsi ba ta yi. Mai gadin kasuwar shanu ya rantse sau da yawa sai motar ta tsaya a gabansa kafin ya san ta iso. Maganar marigayin ba ta wuce “tuf-tuf-tuf” ba, ƙasa-ƙasa, kamar tsoho yana lazimi. In an hau tudu da bijimi a baya, sai ya ce “hmmm”, irin na mutumin da aka yi wa tayin da bai gamshe shi ba amma ba zai yi gardama ba. Ban da waɗannan biyu ba wanda ya taɓa jin wani abu daga bakinsa.

Mutane kan ce shi da maigidansa a tukunya ɗaya aka zuba su. Malam Ishaƙu a kasuwa da yatsu yake ciniki, hannu cikin hannu a ƙarƙashin gefen riga, a sayar da sa a sallama ba a ji muryarsa ba. Yana iya zama da mutum daga azahar zuwa la'asar, mutumin ya tashi yana cewa an sha hira, alhali shi kaɗai ya yi ta.

Babban aikin da za a riƙa tuna marigayi da shi yana can bayan Pélébina, a rugar Arɗo Iliassou, inda mahaifin Malam Ishaƙu ya fara sayen shanu tun ana zuwa da ƙafa. Arɗo ba ya kai dabbarsa kasuwa, kuma ba ya barin mota ta kusanci garkensa. Duk ɗan kasuwar da ya zo, a bakin kwalta yake ajiye abin hawansa ya tako. Dattijuwa kaɗai aka ɗauke wa wannan doka, kuma saboda muryar marigayi aka ɗauke mata. Da hantsi take shiga, daidai lokacin tatsa, ta ratsa tsakanin shanu ta tsaya gindin kaɗanya, ba saniyar da ke ɗaga kai. Inna Mariatou, matar Arɗo, tana tsugune da ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, ko waiwayowa ba ta yi, sai dai ta ce, “Ɗan Tambaya ya iso, a shimfiɗa masa.” Da yamma motar kan dawo da bijimi a baya, a gaba kuma da kwandon wagashi, cukun madara da Inna ke dafawa, wanda Fatimatu, matar Malam Ishaƙu, ke soyawa ta sayar a ƙofar gida. Rumfar miji da kaskon mata duk a kan wannan hanya suke tsaye.

Marigayi bai yi jinya ba. Ciwon a kan Shafi'u ya sauka.

Shafi'u ɗan ƙanin Malam Ishaƙu ne, magidanci da gemunsa, shi ke tuƙa Dattijuwa tun da idon Malam ya fara rauni. Cutar ta kama shi ta waya, inda yake kallon motocin tsere na ƙasashen da ba a ɗaukar sa a mota. Ta yi tsanani ranar da wata bas ta wuce su a tudun kusa da Djougou, fasinjoji suna ɗaga musu hannu, wata mata har tana yi musu alamar su sauko su tura.

“Baba, motar nan numfashinta a toshe yake,” in ji Shafi'u. “Ba ta da puissance, ba ƙarfi ko kaɗan. Tsohon kolektan nan ne ya shaƙe mata wuya. Akwai na inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, bututu huɗu, fari tas. Moutari zai haɗa mana. Wallahi kamar jirgi za ta tashi.”

Malam Ishaƙu ya so ya tambaya ina za a je da jirgi, tunda shanun ba su ce suna sauri ba. Bai tambaya ba. Shafi'u ya kawo maganar a kan tuwo, ya kawo ta a rumfa, ya kawo ta a hanyar masallaci. Malam ya yi ta saurare yana shiru. A gidan nan kuwa shirunsa shi ne “i”, shi ne kuma “a'a”, kowa na ɗaukar wanda ya yi masa. Shafi'u ya ɗauki nasa.

Ranar Juma'a ce. An kai Dattijuwa gareji kai tsaye daga mahauta, inji na huci, marigayi ya yi zafin da ba a iya taɓa shi. Moutari yana so ya gama kafin kiran salla. Ya kai hannu ya janye, ya yi tsaki, ya ɗauko bokitin ruwan randa. Malam Ishaƙu yana tsaye a wurin. Duk wanda ya taɓa toya kitse ya san ba a zuba wa baƙin ƙarfe mai zafi ruwan sanyi, kuma kalmar “bari ya huce” ta zo masa har kan harshe. A nan ta zauna.

Marigayi ya ce “tsssss”, ya daɗe yana faɗa. Sannan ya ce “ƙas”, sau ɗaya, ya tsage daga baki na biyu har wuya. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ce ya taɓa faɗa da ƙarfi.

“Patron, ai dama ya tsufa,” in ji Moutari. “Ça va aller, komai zai yi daidai.” Ya kwance shi ya cilla bayan gareji, kan tarin ƙarafa, daidai lungun da duk mai wucewa yake tsayawa ya yi fitsari. Daga can Malam Ishaƙu ya ɗauko shi da hannunsa, yana riƙe numfashi, ya naɗe shi a buhu.

Tun gawa ba ta gama hucewa ba aka ɗaura wa Dattijuwa wanda zai maye gurbinsa. Wannan sanarwa ba za ta kira shi da suna ba. Malam Ishaƙu ya yi shekaru yana feɗe shanu, bai taɓa ganin hanji marar kunya irin wannan ba: bututu huɗu a murɗe, suna ƙyalli, sun cuɗe da juna kamar kayan cikin da aka zubar a kwano ba a wanke ba. Da aka zo haɗawa bai kai ga salansa ba. Moutari ya duba, ya sosa ƙeya, ya yanke salansar gaba ɗaya, ya ce ai yanzu ne ma za ta yi numfashi.

Ta yi. Abin da ya fito ba za a kira shi murya ba. Wanda ya taɓa tsayawa bayan jakin da ya ci ɗanyen wake ya ji ƙaninsa. “Praaa-pa-pa-pa-praaa.” Jikar mai koko ta tsala ihu, kajin unguwa suka haye katanga, Shafi'u kuwa ya rufe ido yana murmushi kamar an sa masa zuma a baki. Washegari da asuba, a hanyar ruga, zafin abin ya huda ƙasan mota ya narkar wa Malam dunduniyar takalmi, warin ƙonannen fenti ya cika musu hanci, farin nan tas ya rikiɗe ya zama shuɗi-shuɗi kamar naman da ya kwana a rana. Game da gudu, don kada a zalunci kowa, an isa Djougou da wuri da kamar tsawon shan shayi kofi ɗaya. Aka ɓata tsawon kofi biyu wurin ƙara esansi a gidan mai.

Da aka kai mararrabar da ake sauka daga kwalta, Malam Ishaƙu ya so ya ce a tsaya nan a taka. Shafi'u ya riga shi: “A hankali zan shiga, Baba, kar ka damu.” Malam ya yi shiru.

A hankali kuwa ya shiga. Sai dai wannan abu, in an ɗaga ƙafa daga totur, harbi yake yi. Suna tsakiyar garke ya saki: tas, tas, tau. A dajin da ɓarayin shanu suka koya wa mutum da dabba ƙarar bindiga, ba a jira a ji na huɗu ba. Garke ya fashe. 'Yan maruƙa suka tsinke igiya, maza suka fito da sanduna da adduna, shanu suka bi ta kan murhu suka fasa dutse ɗaya, suka bi ta kan ƙore. Madarar safiya gaba ɗaya ta kwanta cikin kashin shanu, kafin ƙura ta lafa ƙudaje sun sauka. Babbar ƙwaryar Inna Mariatou, wadda mahaifiyarta ta yi wa zane da hannunta ta kawo ta da ita gidan Arɗo, wata jar saniya ta taka ta ta rabu uku.

Inna tana zaune a ƙasa, zaninta sharkaf da madara. Ta dubi motar, ta dubi Malam Ishaƙu.

“Pardon, Inna,” in ji Shafi'u ta taga. “Réglage ne kawai ya rage, ɗan saiti.”

Ba ta ko kalle shi ba. Ɗan Tambaya take kallo, shi kuwa yana tsaye da hula a hannu, bakinsa a rufe kamar an ɗinke. Arɗo ne ya yi magana, bai ɗaga murya ba: “Ku juya da ita. In kun kai kwalta ku tayar.” Da hannu suka tura ta har titi.

Malam Ishaƙu ya yi abin da ya iya. Ya aika wa Arɗo goro, fari, mai kyau. Arɗo ya karɓa ya raba, ya ce a gaya masa shanu sun dawo duka, shi bai yi asarar komai ba. “Sa nawa ne, saniya tawa ce, amma abin da ya fito daga hantsa ba nawa ba ne. Nono na mata ne. Ban taɓa sayar da shi ba, ba zan yafe shi ba.” Sai Malam ya aika wa Inna turmin zane da sukari da sabuwar ƙwarya daga kasuwar Djougou. Kayan suka dawo a ɗaure yadda suka tafi, tare da saƙo: zane ya yi kyau, ta kara shi a kunne, ba ta ji ya ce komai ba. Jar saniya kuma tun ranar ta riƙe nononta.

Haka aka shiga. Layya na matsowa, rumfar Malam ba abin ratayewa sai naman kasuwa mai tauri, wanda tsofaffin abokan ciniki ke latsawa da yatsa su wuce. Aka fara ganin mahautan Djougou a Pélébina, sun ajiye motocinsu a bakin kwalta, suna takawa cikin ladabi, suna gaida har karnukan ruga. Kaskon Fatimatu yana kife a bayan ɗaki.

“Malam,” in ji Fatimatu, “tashi ka buɗe akwatin can.”

Ya buɗe. Sabulai ne, jere, wasu takardarsu har ta koɗe.

“Ka san mene ne waɗannan? Laifuffukanka ne. Tun da aka kawo ni gidan nan, in ka ɓata mini sai in wayi gari in ga sabulu a kan filo. Ni na haƙura, na yi wanka. Ita Inna ba matarka ba ce, kuma rafi gare su.”

Ya rufe akwatin a hankali. Bai ce komai ba, amma wannan karon Fatimatu ce ta zaɓar wa shirun ma'ana, ta ajiye masa takalmansa a ƙofa.

Marigayi ya rasu ya bar Dattijuwa, wadda ya yi zama da ita tun Shafi'u bai zo duniya ba, yanzu tana fake a bayan gida an rufa mata tampol, don ba ta iya fita unguwa ba a nuna ta. Ya bar salansa, abokiyar aikinsa, da aka yanke ba laifin tsaye ba na zaune, tana ƙarƙashin gadon Malam. Ya bar noti takwas, biyu sun ɓata a gareji. Ya bar ƙani guda a Sérou, a jikin wata matacciyar Fijo da kaji ke ƙwai a cikinta, ana kan magana da mai kajin ko zai sake shi ya zo ya riƙe gidan. Masu awon tsohon ƙarfe sun zo da sikelinsu tun kafin a yi zaman makoki, an nuna musu hanya. Moutari ya aiko da ta'aziyya, an ji.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar bayan sallar asuba daga ƙofar gida a Banikanni. Dattijuwa ce za ta kai shi, domin ba wata motar, saboda haka ana roƙon maƙwabta su toshe kunnen yara, masu kaji su kulle akurki. Ana ba mutanen ƙauyukan hanya haƙuri tun yanzu. A mararrabar Pélébina za a kashe inji. Daga nan Shafi'u ne zai tura, shi kaɗai, tunda shi ke neman puissance, kuma ba a yarda kowa ya taya shi ba. Masu babura su kashe su ja. Ba salla, liman ya riga ya faɗa. Ba kuka mai sauti, akwai saniyar da ake lallashi. Mai son kawo wani abu ya kawo gishirin shanu. Kada a kawo sabulu. Fatimatu ta nemi a rubuta cewa ta ji labarin abin da aka rubuta a ƙarshen wannan sanarwa, kuma tana jiran nata.

Makwancin marigayi shi ne murhun Inna Mariatou, inda zai tsaya a gurbin dutsen da ya fashe ya riƙe tukunyar wagashi. Kwandon Fatimatu zai biyo motar a dawowa, maganar bijimi kuma Arɗo ya ce a zo da igiya. Ga yadda aka samu wurin.

Malam Ishaƙu ya je da kansa, a motar haya, ba goro ba zane, ya taka daga kwalta da takalminsa mai narkakkiyar dunduniya. Ya tarar da mahautan Djougou biyu a kan tabarmar da aka saba shimfiɗa masa. Inna tana bakin murhu, ta tokare tukunya da guntun icce. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa gaisuwa har ƙarshenta, ta tambayi gida, ta tambayi Fatimatu, sannan ta ce:

“Ina mai muryar nan?”

“Ya mutu, Inna. Ya tsage.”

“Kaurinsa kamar me?”

Ya gwada mata da hannu biyu. Ta dubi hannun, ta dubi gurbin dutsen.

“Kawo shi. Ya saba da wuta, ya saba da hayaƙi, kuma ba shi da surutu. Shi ba ni da rigima da shi.” Ta ci gaba da juya madara. “Sai kai. Tafiyar nan duk don ka gwada mini kaurin ƙarfe ka yi ta?”

Malam Ishaƙu ya dubi ƙasa. Leɓensa ya motsa, wani abu ya fito wanda ko marigayi ya fi shi ƙara.

“Me ka ce? Tun ranar da motarka ta yi mini tusa a kunne ba na ji sosai.”

Matan ruga suka rufe baki da gefen mayafi. Arɗo ya ɗaga kai yana duba ko za a yi ruwa. Mahautan Djougou suka ajiye kofunan shayi, suka gyara zama. Malam ya sake faɗa, ya ɗan ɗaga.

“Ɗan Tambaya, ranar nan har Djougou an ji zuwanka. Yau ni da ke gabanka ba zan ji ba?”

Sai ya miƙe tsaye. Ya cire hula. Mutumin da ya sayi shanun rabin dajin nan da yatsu ya buɗe baki, har jar saniya ta ɗago kai daga inda take ɗaure:

“Inna Mariatou! Ba Shafi'u ba ne, ba mai walda ba ne, ni ne! Ina tsaye, ina gani, na yi shiru. Na zubar miki da nono, na fasa ƙwaryar mahaifiyarki. Ki yi haƙuri, Inna. Ki yafe mini!”